Yadda Kwamfuta Ke Tashi, da Dalilin Sabunta Manhajar Tayarwa

Gabatarwa

Tun daga shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan bisa kwamfuta, ɗakin kwamfuta ya tashi daga matsayin ado a makarantun sakandare ya koma abin da ba makawa sai da shi. Ɗalibin da ke zaune a Arkilla, cikin Ƙaramar Hukumar Wamakko, wanda ke fatan wucewa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Dundaye, tilas ne yatsunsa su saba da madannai kafin ranar jarrabawa. To amma da yawa daga cikin kwamfutocin da ake koyo da su a makarantu da shagunan buga takardu 'yan gwanjo ne, waɗanda suka gama aikinsu a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso mu. Ana samun mai shekara goma sha biyar a gefen mai shekara uku a ɗaki guda, kuma ana son duka su yi aiki iri ɗaya.

A nan ne wata matsala kan ɓullo wadda malaman kwamfuta suka san ta sarai. Tsohuwar na'ura ta mutu, sai a cire faifanta a sanya cikin sabuwa, a kunna, fuskar ta tsaya baƙa ƙirin da ɗan rubutun Turanci mai cewa ba a sami abin tayarwa ba. Ko kuwa filas ɗin da aka daɗe ana ɗora Windows da shi, rana ɗaya sabuwar kwamfuta ta ƙi karɓarsa. Masu gyara kan ce "ta ƙi yin butin", sau da yawa kuma maganin da suke bayarwa shi ne a goge faifan baki ɗaya. Da gogewar nan sai sakamakon jarrabawar ɗalibai, da rajistar makaranta, da darussan da malami ya shekara yana tarawa su tafi, alhali lafiyarsu lau. Abin da ya sami matsala wata 'yar ƙaramar manhaja ce da ake iya canzawa ba tare da an taɓa ko takarda ɗaya ba. Ita ce wannan darasi zai yi bayani a kanta.

Daga ashana zuwa gungume

Duk wanda ya taɓa hura wuta ya san ba a kama gungume da ashana. Ashana takan kama tsinke ko 'yar takarda, wannan ya kama kirare, kirare su kama itace. Tashin kwamfuta haka yake. Babbar manhaja, watau Windows ko Linux, ita ce gungumen: girmanta ya kai gigabayit da yawa, tana kwance cikin faifai. Firosesa kuwa, wadda ita ce ke aiwatar da umurni, ba ta iya aiki da abin da ke cikin faifai kai tsaye, sai an kwaso shi an zuba cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi da ake kira ram. Ita kuma ram da zarar an ɗauke mata wuta takan mance kome. Saboda haka a daidai lokacin da aka danna makunni, ram fanko take, kuma manhajar da ta san yadda ake karanta faifai tana cikin faifan da ake son karantawa. Tamkar mutum ne ya kulle ɗaki ya bar mabuɗin a ciki.

Mafitar da masana suka samo ita ce su dasa wata manhaja cikin wata 'yar ƙwayar lantarki da ke manne a babban allon na'urar, wadda ba ta mantuwa ko da babu wuta. A Turance ana ce da ita famwaya, mu kuwa a nan za mu kira ta dasasshiyar manhaja. Ita ce ashanar. Da an kunna, firosesa takan nufe ta kai tsaye. Sai ta duba lafiyar ram da madannai da sauran sassa, sa'an nan ta nemi manhaja ta biyu a cikin faifai ta miƙa mata ragama. Wannan ta biyun ita ce masu gyara ke kira butloda, watau manhajar tayarwa, kuma aikinta guda ne: ta nemo zuciyar babbar manhaja, ta zuba ta cikin ram, ta tayar da ita, ta janye jikinta. Duk wannan cikin 'yan daƙiƙoƙi ne.

Abin lura a nan shi ne, kamfanin da ya ƙera na'urar, kamar HP ko Dell ko Lenovo, shi ke sanya dasasshiyar manhaja. Manhajar tayarwa kuwa tana zuwa ne tare da babbar manhaja, daga Microsoft ko daga masu haɗa Linux. Hannu biyu ne dabam-dabam suka yi su, don haka dole a sami yarjejeniya tsakaninsu game da inda za a haɗu da yadda za a gaisa. Duk rikicin da muke magana a kai ya samo asali ne daga canjin wannan yarjejeniya.

Tsohuwar yarjejeniya: bayit 512

Tsohuwar dasasshiyar manhaja sunanta BIOS. Gary Kildall ne ya fara amfani da sunan a 1975, amma ta bazu duniya ne tare da kwamfutar da kamfanin IBM ya fitar a 1981. Ƙa'idarta mai sauƙi ce ƙwarai. Faifai an rarraba shi zuwa ƙananan gurabu, kowanne yana ɗaukar bayit 512. BIOS takan je gurbi na farko, ta ɗauko abin da ke ciki, ta duba bayit biyu na ƙarshe. In ta tarar da alamar da aka amince da ita, wadda ake rubutawa 55 AA, sai ta ce wannan faifai na tayarwa ne, ta miƙa wa abin da ta ɗauko ragama ba tare da wata tambaya ba.

A shekarar 1983 aka tsara yadda za a kasa wannan gurbi na farko, aka sa masa suna MBR. Bayit 446 na umurnin tayarwa ne, bayit 64 na jadawalin da ke nuna yadda aka raba faifan, bayit 2 kuma na alamar da muka ambata. Mai karatu ya tara ya gani: 446 da 64 da 2 sun ba da 512. Kowane yanki na faifai yana bukatar bayit 16 a cikin jadawalin, saboda haka 64 a raba da 16, yanki huɗu ke nan kawai. Wannan ne dalilin da ya sa tsofaffin kwamfutoci ba sa yarda a yi musu manyan yankuna fiye da huɗu, sai da wata dabara ta cusa yankuna cikin yanki.

Akwai wata iyakar da ta fi wannan muhimmanci, kuma darasi ce mai kyau ga ajin lissafi. A cikin jadawalin, bit 32 aka ware don rubuta lambar gurbi. Da bit 32 ana iya ƙirga 2 a ninka ta sau 32, watau 4,294,967,296. In aka ninka wannan da 512, za a sami bayit 2,199,023,255,552, kimanin terabayit 2.2. Duk faifan da ya wuce haka, MBR ba ta ganin ragowarsa. A 1983, lokacin da faifan kwamfutar IBM ke ɗaukar megabayit 10, wannan iyaka ta yi kama da nisan sama da ƙasa. Yau kuwa ana sayar da faifai mai terabayit 4 a kasuwa, wanda in aka tsara shi da MBR kusan rabinsa ya tafi a banza. Ita kanta BIOS tana aiki ne cikin yanayin firosesar farko, mai bit 16, wadda ba ta iya kaiwa ga fiye da megabayit 1 na ram.

Da yake bayit 446 ba su isa a rubuta wani abin kirki ba, manhajar tayarwa takan kasu mataki-mataki, na farko ya kira na biyu, na biyu ya kira na uku. A gidan Microsoft, NTLDR ce ta riƙe wannan aiki har zuwa Windows XP, sa'an nan daga Windows Vista aka maye gurbinta da Windows Boot Manager. A gidan Linux an daɗe da LILO, wadda ta fito a 1992 aka daina raya ta a ƙarshen 2015. GRUB ce ta gaje ta; Erich Boleyn ya fara rubuta ta a 1995, Ubuntu kuma ta koma ga sabon zubinta, GRUB 2, tun a 2009. Canza manhajar tayarwa ba baƙon abu ba ne ke nan. Kowace babbar manhaja ta yi shi, kuma kusan kullum ci gaban na'ura ne ke tilasta shi.

Babban aibin BIOS shi ne rashin tambaya. Duk wanda ya iya rubuta wani abu a gurbin farko, shi ne zai fara magana kafin kowa ya farka. Masu rubuta ƙwayoyin cutar kwamfuta sun gane haka da wuri. Ƙwayar Brain, wadda wasu 'yan'uwa biyu suka rubuta a Lahore ta Pakistan a 1986, a gurbin tayarwa na faifai mai lanƙwasa take ɓuya. Ita kuwa Michelangelo, wadda ta tayar da hankalin duniya a 1992, an shirya ta ne ta lalata faifai duk ranar 6 ga Maris. Ƙwayar da ta riga manhajar tsaro tashi tana iya ɓoye kanta daga gare ta, don kuwa ita ce ta buɗe mata ƙofa.

Sabuwar yarjejeniya

Kamfanin Intel ya fara aikin maye gurbin BIOS a ƙarshen shekarun 1990. A 2005 manyan kamfanoni suka kafa ƙungiya don ci gaba da aikin, aka sa wa sabon tsarin suna UEFI, ƙa'idarsa ta farko da wannan suna kuma ta fito a 2006. UEFI ba ta zuwa gurbin farko ta ɗauki abin da ta tarar a makance. Ta iya karanta fayil. Akan ware wani ɗan yanki a faifai, yawanci megabayit 100 ko ɗari kaɗan, a tsara shi da FAT32, a ajiye manhajojin tayarwa a ciki a matsayin fayiloli masu suna. Ta Windows sunanta bootmgfw.efi, ta GRUB kuma grubx64.efi. Kowace tana da jakarta, don haka Windows da Linux suna iya zama a faifai guda ba tare da ɗaya ta taka ɗaya ba, saɓanin zamanin da suke ƙwacen bayit 446. Jerin waɗanda za a tayar, da wanda zai riga wani, ana ajiye shi a cikin ƙwayar da ke babban allo.

Tare da UEFI aka zo da sabon jadawalin raba faifai, GPT. Yana amfani da bit 64 wajen ƙirga gurabu, don haka iyakar terabayit 2.2 ta kau. Windows na yarda a yi yankuna har 128 a kansa. Wani alherinsa da ba a cika ambata ba shi ne yana ajiye kwafin jadawalin a ƙarshen faifai, ta yadda in na farko ya lalace akwai inda za a koma.

Shekaru da yawa kamfanoni sun bar wata kafa a cikin UEFI mai suna CSM, wadda ke kwaikwayon BIOS domin tsofaffin faifai su ci gaba da tashi. A jerin zaɓuɓɓukan na'ura sau da yawa akan rubuta ta da sunan Legacy. A 2017 Intel ya ba da sanarwar zai daina tallafa wa wannan kafa daga 2020, kuma sababbin kwamfutoci da yawa yanzu ba su da ita sam. Ga amsar matsalarmu ta farko ke nan. Faifan da aka ciro daga tsohuwar na'ura yana ɗauke da MBR, yana jiran a zo gurbinsa na farko. Sabuwar na'ura kuwa fayil take nema a yankin da babu shi. Kowannensu lafiyarsa ƙalau, harshe ne ya bambanta.

Hatimi

A ƙarni na 19, wasiƙar da ta fita daga fadar Sakkwato zuwa Kano ko Katsina ko Zazzau takan ɗauki hatimi, wanda ya karɓa kuma yakan duba hatimin kafin ya yi aiki da abin da ke ciki. Irin wannan tunani ne aka shigar cikin UEFI a 2011, aka kira shi Secure Boot, watau amintaccen tashi. Daga 2012, da fitowar Windows 8, Microsoft ya sharɗanta wa masu ƙera kwamfuta su riƙa fitar da ita da wannan tsaro a kunne.

Hatimin kwamfuta lissafi ne. Akwai mabuɗai biyu masu alaƙa da juna: ɗaya na sirri, wanda ke hannun mai buga hatimi, ɗaya na bayyane, wanda ake raba wa kowa cikin abin da ake kira takardar shaida. Akan bi fayil ɗin manhajar tayarwa daga farko zuwa ƙarshe a fitar da wata lamba mai bit 256 wadda ke wakiltarsa, sa'an nan a ɗaure lambar da mabuɗin sirri. In na'ura ta zo tashi, sai ta sake fitar da lambar da kanta, ta gwada da wadda aka ɗaure, tana amfani da mabuɗin bayyane. Ko bit ɗaya aka canza a cikin fayil ɗin, lambobin ba za su dace ba, na'urar kuma za ta ƙi tayar da shi.

Dasasshiyar manhaja tana riƙe da abubuwa huɗu, kuma ya kamata ɗalibi ya rarrabe su, domin sauran bayanin ya dogara a kansu. Akwai PK, babban mabuɗin kamfanin da ya ƙera na'urar. A ƙarƙashinsa akwai KEK, mabuɗan waɗanda aka ba izinin gyara jerin sunaye. Sai jerin amintattu, db, inda takardun shaidar da aka yarda da hatiminsu suke. Na ƙarshe shi ne jerin korarru, dbx, kuma shi ke rinjaye: duk abin da sunansa ya shiga ciki ba zai tashi ba, ko da hatiminsa na gaske ne.

Kusan duk kwamfutar da ake sayarwa takardun Microsoft ne a cikin jerin amintattunta. Wannan ya tayar da ƙura a tsakanin masu Linux, domin ya zama tamkar sai da izinin abokin hamayya za su shiga gida. A 2012 wani masani mai suna Matthew Garrett ya rubuta wata 'yar manhaja, shim, wadda Microsoft ke buga wa hatimi, ita kuma ta duba hatimin GRUB da mabuɗin Ubuntu ko Fedora ko Debian. Ta haka Linux ke tashi yau a na'urar da tsaronta ke kunne. Ko ya dace kamfani guda ya riƙe hatimin kwamfutocin duniya, wannan muhawara ce da har yanzu ba ta mutu ba, kuma a ganina masu ƙorafin suna da hujja.

Hatimi yana tabbatar da wanda ya rubuta abu ne kawai, ba ya tabbatar da cewa abin ba shi da aibi. A watan Yuli na 2020 kamfanin bincike na Eclypsium ya bayyana wata ɓaraka a cikin GRUB 2, aka sa mata suna BootHole. A watan Maris na 2023 kuma kamfanin ESET ya wallafa bayanin wata muguwar manhaja, BlackLotus, wadda ke iya shiga Windows 11 ko da an yi mata duk sabuntawa. Dabararta abin a tsaya a duba ce. Ba ta ƙirƙiri hatimin jabu ba. Tsohuwar manhajar tayarwa ta Microsoft take zuwa da ita, mai hatimi na gaske amma mai ɓaraka, ta ajiye ta a madadin sabuwar. Na'ura ta duba ta ga hatimi daidai, ta buɗe ƙofa. Maganin irin wannan shi ne a sanya tsofaffin cikin jerin korarru, kuma nan ne haɗarin yake, domin in aka kori tsohuwar kafin sabuwar ta zauna, na'urar ba ta da abin tashi. An ga haka a zahiri: gyaran farko da Red Hat ya fitar don BootHole ya hana wasu na'urori tashi har sai da aka sake gyara shi, kuma a watan Agusta na 2024 wata sabuntawa ta Windows ta hana Linux tashi a kwamfutoci da dama masu ɗauke da manhajojin biyu.

Wa'adin takardun 2011

Takardar shaida tana da wa'adi kamar fasfo. Waɗanda Microsoft ya rarraba tun farkon wannan tsari an yi su ne a 2011, kuma wa'adinsu shekarar 2026: ta KEK da wadda ake buga wa shim hatimi da ita a watan Yuni, ta manhajar tayar da Windows kuma a watan Oktoba. An yi sababbi a 2023 don su gaje su. Ya kamata a fahimci abin da ƙarewar wa'adin ke nufi, don kada a tsorata mutane a banza. Kwamfutar da ba ta karɓi sababbin takardun ba ba ta mutuwa. Takan ci gaba da tashi da tsohuwar manhajar tayarwarta. Abin da take rasawa shi ne kariya ta gaba. Sabuwar manhajar tayarwa mai hatimin 2023 baƙuwa ce a wurinta, kuma sababbin sunayen korarru ba su da hanyar isa gare ta. Ƙofarta na nan yadda take, ɓarayi kuwa suna ta koyon sababbin dabaru.

Sabuntawar tana da jeri wanda ba a tsallakewa. Da farko a shigar da takardar 2023 cikin jerin amintattu na dasasshiyar manhaja. Bayan na'ura ta karɓa, sai a canza fayil ɗin manhajar tayarwa da wanda aka buga wa sabon hatimi. Sai an tabbata ta tashi da shi lafiya sa'an nan a kori tsohuwar takarda. A yawancin kwamfutocin da ke samun intanet, Windows na yin matakan farko da kanta ta hanyar sabuntawar wata-wata. Matsalar tana ga irin namu. Sabon KEK ba ya shiga sai da hatimin PK, watau sai kamfanin da ya ƙera na'urar ya sa hannu, kuma na'urar da ta tsufa ƙwarai mai yiwuwa ne kamfaninta ya daina kula da ita. Ga kuma kwamfutocin makaranta da kan yi wata da watanni ba su ga intanet ba. Bugu da ƙari, tallafin Windows 10 na kowa da kowa ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa, wadda ta fito a 2021, tana bukatar UEFI da ƙwayar tsaro ta TPM 2.0, kuma a firosesocin Intel galibi sai daga zubi na 8 zuwa sama.

Wannan jeri ne kuma ke bayyana matsalarmu ta biyu. Filas ɗin da aka haɗa shekaru biyar da suka wuce yana ɗauke da tsohuwar manhajar tayarwa. Na'urar da ta riga ta kori tsohuwar takarda za ta ƙi shi, kuma daidai ta yi. Sai a sake haɗa filas ɗin da sabon zubi.

A ɗakin kwamfuta

Malamin da ke kula da ɗakin kwamfuta zai fara ne da sanin abin da ke hannunsa. A Windows, in aka buga msinfo32 a wurin nema, shafi zai buɗe mai nuna ko na'urar na tashi ta UEFI ko ta Legacy, da kuma ko amintaccen tashi na kunne. A Linux, kasancewar jakar /sys/firmware/efi alama ce ta cewa ta UEFI aka tashi. Yana da kyau a manna wa kowace na'ura 'yar takarda mai ɗauke da wannan bayani, a kuma rubuta shi cikin littafin ɗaki.

Idan faifan MBR ne kuma na'urar ta iya UEFI, babu bukatar gogewa. Tun daga zubin 2017 na Windows 10 akwai wani umurni, mbr2gpt, wanda ke juya jadawalin zuwa GPT, ya ƙirƙiri yankin tayarwa, ya sanya sabuwar manhajar tayarwa a ciki, fayilolin mutum kuma suna nan. Akan fara sa shi ya duba ko faifan ya cancanta, domin ba ya karɓar mai manyan yankuna fiye da uku. Bayan ya gama, wajibi ne a shiga zaɓuɓɓukan na'ura a mayar da ita UEFI, in ba haka ba za ta ƙi tashi, mutum ya zaci ya yi ɓarna. Umurnin ba ya komawa baya, saboda haka a kwafe muhimman fayiloli zuwa wani wuri tukuna. In kuwa manhajar tayarwar ce kawai ta lalace, umurnin bcdboot na sake rubuta ta daga filas ɗin gyara. Duk mai gyaran da ya ce sai an goge, a tambaye shi ko ya gwada waɗannan biyun.

Kwamfutoci da yawa suna zuwa da faifansu a kulle da BitLocker, wani lokaci mai ita bai ma sani ba. Ƙwayar TPM tana lura da duk abin da ya gudana lokacin tashi, in ta ga canji a dasasshiyar manhaja ko manhajar tayarwa takan iya riƙe mabuɗin, na'urar ta nemi lambar ceto mai alƙalumma 48. Wanda ba shi da wannan lamba ya yi sallama da abin da ke cikin faifan, babu mai gyaran da zai fitar masa da shi. A nemo lambar a rubuta ta a takarda kafin a taɓa kome.

Sabunta ita kanta dasasshiyar manhaja ya fi kowane mataki haɗari a wurinmu, saboda wuta. Ana goge ƙwayar da ke babban allo ne ana sake rubuta ta, in wuta ta ɗauke a tsakiya ashanar ce ta jiƙe, kuma a wasu na'urori ba abin da zai tashi sai an kai wa mai na'urar rubuta ƙwaya. Kwamfutar cinya a cika batirinta a kuma bar ta a jone. Ta tebur kada a fara sai tana kan inbata ko batirin sola da aka amince da shi, kada a dogara da janareton da ba a san yawan mansa ba. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato kan haura digiri 40, gara a yi aikin da sassafe, a kuma busa ƙurar hunturu daga fankar na'urar, domin kwamfutar da ta yi zafi takan kashe kanta ba tare da sallama ba. Fayil ɗin sabuntawar kuwa daga shafin kamfanin da ya ƙera na'urar kaɗai za a ɗauko shi, kuma na ainihin samfurinta.

Akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu a shagunan gyara, ta kashe amintaccen tashi da zarar ya kawo cikas. Gaskiya ne na'urar takan tashi nan take. Amma an mayar da ita zamanin Brain ke nan, kuma a ɗakin da ɗalibai hamsin ke cusa filas ɗinsu a na'ura guda, wannan sakaci ne. In an kashe shi don gyara, a mayar da shi bayan an gama. Haka kuma a yi hattara da zaɓin da ke mayar da mabuɗan na'ura yadda suka fito daga kamfani: in takardar 2023 daga baya ta shiga, yana iya share ta, sai sabuwar manhajar tayarwa ta zama baƙuwa a gidanta.

Na'urorin da Windows 11 ta ƙi, ba lalle ne su koma shara ba. Kwamfuta mai ram gigabayit 4 tana ɗaukar Linux mai sauƙin nauyi, irin su Lubuntu ko Linux Mint, kuma ta isa ɗalibi ya koyi buga rubutu, da lissafin jadawali, da gwajin amsa tambayoyi irin na JAMB. GRUB 2 ta iya harshen BIOS ta kuma iya na UEFI, saboda haka mafi tsufar na'urar da ke ɗakin ma za ta tashi da ita.

Aikin aji

Malami ya kasa ɗalibai uku-uku, kowane rukuni da kwamfuta guda. Su binciko ta wace hanya take tashi, wane jadawali ne a faifanta, da shekarar dasasshiyar manhajarta, wadda msinfo32 ke nunawa a shafi guda da sauran. Sa'an nan su amsa wannan a rubuce: wasu sababbin faifai gurbinsu bayit 4,096 ne maimakon 512. In aka tsara irin wannan faifai da MBR, mai bit 32 na ƙirga gurabu, terabayit nawa ne iyakar abin da zai iya gani?